Me ya sa kwamfuta ke nuna saƙon matsala da ba ya bayyana komai?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mai shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Garki, nan Abuja. Ta ce kwamfutocinta da na'urar buga takardu suna yawan tsayawa su nuna mata saƙon da ba ta gane kansa ba, wani lokaci jerin lambobi da haruffa, wani lokaci kuma magana marar kan gado, irin wadda ke cewa an samu matsala amma aikin ya kammala lafiya. Tana so ta san ko ƙarancin iliminta ne, ko kuwa masu ƙera na'urorin ne ke raina hankalin mutane, sannan me ya kamata ta yi idan haka ta faru alhali kwastoma na tsaye a kanta yana jira.

Hajiya, ba ƙarancin iliminki ba ne. Aikina shi ne rubuta manhaja da kula da kwamfutocin ofis, kuma abin da zan iya tabbatar miki shi ne yawancin waɗannan saƙonni ba domin ke aka rubuta su ba. Wanda ya rubuta su yana magana ne da kansa, ko da wani injiniya irinsa, a lokacin da yake gwada aikinsa, sai aka sayar da manhajar a haka ba tare da wani ya koma ya sake tsara maganar domin mai amfani da ita ba. A harkar rubuta manhaja, kusan duk ƙarfi da lokaci yana tafiya ne wajen tabbatar da cewa abu ya yi aiki, shi kuwa abin da za a faɗa wa mutum idan bai yi ba, ana barinsa zuwa ƙarshe, lokacin da wa'adi ya ƙure kuma kowa ya gaji.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan zurfi, wanda ya shafi yadda aka gina kwamfutar kanta. Idan kika danna wurin buga takarda, umarnin ba ya zuwa wurin na'urar kai tsaye. Manhajar da kike rubutu a ciki tana miƙa shi ga Windows, shi kuma ya miƙa wa ƙaramar manhajar da ta san harshen na'urar bugun, ita kuma ta tura shi ta waya ko ta iska zuwa na'urar, wadda ita ma tana da tata ƙaramar kwamfuta a ciki. Idan abu ya lalace a can ƙasa, labarin yana dawowa ta wannan hanya, kuma kowane mataki yana rage wani abu daga cikinsa. Kamar saƙo ne da ya bi ta bakin 'yan aike huɗu: na farko ya ga cewa takarda ce ta maƙale a bayan tire, na biyu ya ji cewa na'ura ta tsaya, na uku ya ji cewa aiki bai yiwu ba, na ƙarshe da ya iso gabanki abin da kawai ya sani shi ne ba lafiya ba. Manhajar da ke magana da ke ta san abin da kike ƙoƙarin yi amma ba ta san abin da ya lalace ba, wadda ta san abin da ya lalace kuwa ba ta san ke wace ce ba, balle abin da kika sa gaba.

Saƙon da ya fi ba ki mamaki, wato matsala wadda bayaninta shi ne aiki ya kammala cikin nasara, yana da bayani mai sauƙi. A Windows, duk lokacin da wani ƙaramin aiki ya gaza, ana ajiye lambar dalilin a wuri guda, kuma lamba sifili tana nufin babu matsala. Ya kamata mai rubuta manhaja ya karanta lambar nan take. Idan ya yi jinkiri, ya fara rufe fayil ko ya yi wani ɗan aiki da ya yi nasara, sabon aikin yana iya goge lambar farko ya sa sifili a gurbinta. Da manhajar ta zo nuna miki dalili, sai ta tambayi Windows ma'anar sifili, shi kuma ya amsa da gaskiyarsa cewa aiki ya kammala. Matsalar ta faru da gaske, dalilinta ne ya ɓace a hanya, kuma sakacin na mai rubuta manhajar ne. Idan kika ga irin wannan, kada ki yarda da rabin farko ko rabin ƙarshe na maganar, ki je ki duba da idonki ko fayil ɗin ya adanu, ko fom ɗin ya shiga, kafin ki sake yin aikin, musamman idan akwai biyan kuɗi a ciki.

Wasu saƙonnin kuma gadon zamanin da ne, lokacin da wurin ajiya a cikin na'ura ya yi ƙaranci matuƙa. Kwamfutar IBM ta farko ta kan tebur da ta fito a 1981 ana iya sayenta da ƙwaƙwalwa mai kilobait 16 kacal, wadda hoto ɗaya na wayarki ya ninka ta sau da yawa. Kafin nan ma, manhajar rubutu mai suna ed da Ken Thompson ya yi wa tsarin Unix tana amsa kowane irin kuskure da alamar tambaya guda ɗaya, domin a lokacin amsar kwamfuta ana buga ta ne a kan takarda da na'ura mai fitar da haruffa kusan 10 a daƙiƙa, don haka doguwar magana ɓata lokaci ce da takarda. Daga wancan zamani ne aka gaji shahararren saƙon nan da ke cewa ba a ga kibod ba, a danna F1 domin a ci gaba. Mutane sun daɗe suna yi masa dariya, kuma sun yi gaskiya, domin F1 a jikin kibod ɗin yake. Abin da ya faru shi ne idan an kunna kwamfuta tana gwada sassanta ɗaya bayan ɗaya, kuma an tsara cewa duk wata ƙaramar matsala da ta gani za ta faɗe ta sannan ta jira a danna F1, ba tare da an keɓe matsalar kibod daga wannan doka ba.

Wanda ya fi shafar sana'arki shi ne na na'urorin bugu na HP LaserJet, musamman tsofaffin da suka cika shagunan buga takardu a Area 10 da sauran wurare, waɗanda kan rubuta PC LOAD LETTER su tsaya cak. Kusan kowa yana ɗauka cewa PC ɗin kwamfuta ake nufi, LETTER ɗin kuma wasiƙar da yake so ya buga, sai ya koma kan kwamfutar yana ta sake turo aikin. Ba ko ɗaya. Haruffa biyun farko suna nufin tiren da ake zuba takarda, kuma an taƙaita su haka ne saboda na'urorin farko na wannan jeri, da suka fara fitowa a 1984, fuskarsu ba ta iya nuna fiye da haruffa biyu. LETTER kuwa sunan girman takardar da ake amfani da ita a Amurka da Kanada ne, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, alhali mu a Najeriya A4 muke amfani da ita, mai faɗin 210 da tsawon 297. Na'urar tana cewa ne an turo mata aiki da aka tsara a kan takardar Amurka, ita kuma A4 ta gani a tirenta. Wannan yana yawan faruwa a nan saboda kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su, da kuma waɗanda masu gyara ke sa wa Windows a gurguje, ana barinsu a saitin Amurka, don haka duk sabon shafin da aka buɗe a Word yana zuwa da girman takardarsu. Maganin shi ne a sauya girman shafin zuwa A4 a cikin fayil ɗin, a sauya shi a saitin na'urar bugun, sannan a gyara saitin ƙasa a Windows domin kada abin ya riƙa dawowa. Idan kwastoma ne ya kawo fayil ɗinsa a filashi ko ya turo ta WhatsApp, ki duba girman shafin kafin ki tura, domin ko da na'urar ta yarda ta buga, ƙasan takardar ko gefenta na iya fita ba daidai ba.

Su kuwa lambobin nan masu tsawo da ke farawa da 0x, duk da munin kamarsu, sun fi amfani a kan yawancin saƙonnin da aka rubuta da kalmomi. Alamar 0x tana nuna cewa an rubuta lambar ne da tsarin ƙidaya mai tushe 16, shi ya sa ake ganin haruffa daga A zuwa F a cikinta. A cikin waɗanda ke farawa da 0x8007, lambobi huɗun ƙarshe su ne ainihin dalilin. Idan kika ga 0x80070005, ma'anarsa ba a ba ki izinin taɓa wannan fayil ko wannan wuri ba. Idan 0x80070002 ne, ba a sami fayil ɗin da ake nema ba. Idan kuma 0x80070070 ne, ma'ajiyar kwamfutar ta cika, sai a share wasu abubuwa. Abin takaicin shi ne kwamfutar ta san waɗannan ma'anoni sarai, tana da su a rubuce a cikinta, amma sau da yawa ba a sa ta faɗe su ba.

Da kamfanoni suka gane cewa lambobi na tsorata mutane, sai wasunsu suka faɗa ɗaya ramin, wanda a ganina ya fi na farko muni. A 2012, da Windows 8 ta fito, an ƙara wa shuɗin allon nan da ke bayyana idan kwamfuta ta faɗi gaba ɗaya wata alamar fuska mai baƙin ciki, aka kuma rage bayanan da ke kansa. A 2015, lokacin da mutane ke sauke Windows 10, da yawa sun gamu da akwatin da kansa da cikinsa duka suka ce “Something happened”, wato wani abu ya faru, ba tare da ƙarin ko kalma ɗaya ba. Yau manhajojin waya da shafukan intanet sun cika da irin wannan, su ce wani abu bai tafi daidai ba, a sake gwadawa an jima. Lamba marar daɗin gani aƙalla ana iya kwafe ta a bincika, ko a karanta wa mai gyara ta waya. Magana mai laushi da ba ta ɗauke da komai kuwa ta bar mai shago da mai gyara duka a cikin duhu. Tun 1994 masanin tsara manhaja Jakob Nielsen ya sa cikin ƙa'idojinsa cewa saƙon matsala ya zama cikin harshe mai sauƙi, ya faɗi ainihin abin da ya faru, ya kuma nuna mafita, amma har yanzu ana samun wanda ya cika sharaɗin farko ya watsar da sauran biyun.

Kada a ɗauka wannan magana ta raha ce kawai. A ranar 20 ga Yulin 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ke sauka a kan wata, kwamfutarsa ta nuna lamba 1202, daga baya kuma 1201, kuma 'yan sama-jannatin ba su san ma'anarsu ba. Abin da ya ceci tafiyar shi ne wani matashin injiniya a Houston mai suna Jack Garman yana da takardar da ya rubuta lambobin da ma'anarsu da hannunsa, ya san cewa aiki ne ya yi wa kwamfutar yawa, tana ajiye marasa muhimmanci tana ci gaba da masu muhimmanci, don haka aka ce su ci gaba da sauka. A can lamba ta wadatar, saboda akwai mai fassara ta a zaune. Akasin haka ya faru da na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, wadda tsakanin 1985 da 1987 ta ba aƙalla marasa lafiya shida hasken da ya wuce ƙima a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. A wani asibiti a garin Tyler na jihar Texas, a 1986, abin da na'urar ta nuna shi ne “Malfunction 54”, kuma takardar bayanin da ma'aikata ke da ita ba ta faɗi abin da zai sa mutum ya fahimci cewa akwai haɗari ba. Na'urar ta saba tsayawa da irin waɗannan saƙonni a kan abubuwa marasa illa, har ma'aikata sun saba danna harafin P su ci gaba, kuma haka aka yi a ranar. Na'urar da ke yawan kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba tana koya wa mai aiki da ita ya daina saurarenta.

Akwai kuma saƙonnin da aka rufe su da gangan, kuma waɗannan ban ga laifinsu ba. Idan shafi ya ce sunan shiga ko lambar sirri ba daidai ba ne, bai faɗi wanne daga ciki ba, yana yin haka ne domin kada ɓarawo mai gwada sunaye ya gane cewa ya dace da suna na gaskiya, saura lambar sirri.

Wajen cike fom ta intanet, lambobi uku ne za ki fi gani. Lamba 404 tana nufin shafin da kike nema babu shi a wannan adireshi, ko an cire shi ko an yi kuskuren rubuta adireshin. Lamba 503 tana nufin kwamfutar masu shafin ba ta iya amsawa a yanzu, galibi saboda cunkoso, kamar yadda ake gani a kwanakin ƙarshe na rajistar jarabawa ko neman aiki. Lamba 500 kuwa tana nufin manhajarsu ce ta yi tuntuɓe. Doka mai sauƙi ita ce waɗanda ke farawa da 4 suna nuni ga abin da aka tura daga wajenki, waɗanda ke farawa da 5 kuma matsalar daga wajensu take, don haka sake kunna kwamfutarki ko sayen sabon data ba zai gyara su ba. Sai dai akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Sunaye irin su Mu'azu, Sa'adatu, Rabi'u da Asma'u suna ɗauke da alamar alhamza (') a tsakiyarsu, kuma a harshen da ake magana da rumbun adana bayanai wannan alama ita ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Idan wanda ya rubuta shafin bai yi tanadin haka ba, sunan yana yanke umarnin a tsakiya, shafin ya faɗi, ko kuma ya ce an shigar da abin da bai halatta ba, ba tare da ya nuna wane gurbi yake nufi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ma suna jawo irin wannan, ko su koma alamar tambaya a kan takardar da aka buga. Idan fom ya ƙi shiga ba gaira ba dalili, ki fara duba sunan, ki gwada shi ba tare da alamar ba, amma ki tabbata ya yi daidai da yadda yake a katin shaidar mai shi, domin bambancin harafi ɗaya na iya jawo masa wahala daga baya.

Na'urar POS da kwastomomi ke biyan ki da ita tana da nata lambobin, waɗanda suka samo asali daga ƙa'idar duniya mai suna ISO 8583. Lamba 00 tana nufin an amince, 51 kuɗin asusun bai kai ba, 55 lambar sirri ba daidai ba ce, 05 bankin mai katin ya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba, 91 kuma bankin ko cibiyar da ke haɗa bankuna bai amsa ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ke haddasa rigima a bakin kanta, domin mai yiwuwa an cire kuɗin daga asusun kwastoma, alat ya shigo masa, amma amsar ba ta dawo wa na'urarki ba. Ki ba shi rasit ɗin da ya nuna an ƙi, ki ajiye naki, domin da shi zai bi haƙƙinsa. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan ciniki na POS cikin awa 72.

Abin da za ki yi idan saƙo ya bayyana kuwa, na farko shi ne kada ki yi saurin rufe shi. Ki ɗauki hotonsa da waya, domin mai gyara da aka ce wa kwamfuta ta nuna wani abu da Turanci ba shi da inda zai fara, alhali wanda aka tura wa hoto sau da yawa yana iya warware matsalar ba tare da ya taso daga Wuse ba. Ki rubuta saƙon harafi da harafi a wurin bincike na intanet tare da sunan manhajar ko na'urar, amma ki cire sunan fayil ɗinki, domin shi bai shafi kowa ba. Sannan ki tambayi kanki me ya sauya tun lokacin da abin ya yi aiki na ƙarshe, ko an ɗauke wuta ana cikin aiki, ko an sa sabuwar manhaja, ko an canza waya ko tawada, domin amsar wannan tambaya ta fi saƙon kansa shiryarwa a mafi yawan lokuta. Ki kuma riƙa duba agogon kwamfutar. A cikin kusan kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta, kuma a kwamfutocin gwanjo sau da yawa ya riga ya mutu. Idan ya mutu, kwanan watan yana komawa shekarun baya, sai shafukan intanet su riƙa cewa haɗin ba shi da tsaro, domin takardar shaidar tsaron kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ita kuma kwamfutar tana ganin ranar farawar ba ta zo ba tukuna. Mutane suna sake zuba Windows gaba ɗaya a kan wannan, alhali batirin da ake samu a Banex ko a wurin masu gyaran agogo ya isa.

Saura nau'i ɗaya da ya kamata ki gargaɗi yaran shagonki a kansa. Idan ana cikin intanet sai wani shafi ya cika fuskar kwamfutar da jan rubutu, yana cewa cuta ta shiga na'urar, yana ƙara, yana ba da lambar waya da za a kira ko wurin da za a danna a gyara nan take, wannan ba daga Windows ya fito ba, 'yan damfara ne suka tsara shi. Saƙon matsala na gaskiya daga Microsoft ba ya ɗauke da lambar wayar da za a kira. Kada su kira, kada su danna komai a cikinsa, kada su sauke abin da ya ce a sauke. Su danna Alt da F4 tare domin rufe manhajar binciken, idan ta ƙi rufuwa su danna Ctrl da Shift da Esc su kashe ta daga can, kuma idan suka sake buɗe ta ta tambaya ko a dawo da shafukan da aka rufe, su ce a'a.